Ciwon Jiki Bayan Aikin Gayya: Me Muke Saye Da Sunan Magani?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata, Jimeta

 



An nemi in yi magana a kan abin da kowa a nan ya san shi a jikinsa, watau ciwon jiki da sandarewar gaɓoɓi da ke biyo bayan aikin ƙarfi: yashe lambatu, sassabe bayan gida, kwashe bola, ɗibar yashi, tayar da katangar da ruwa ya kayar. Mu Hausawa gaisuwarmu ma ita ce "ina gajiya", mutum ya ce "ba gajiya" alhali da ƙyar ya sunkuya ya cire takalmi. Masu masaukinmu Fulani su ma haka suke tambaya, "noy comri". To, yau gajiyar za mu tsaya mu duba, da kuma kuɗin da muke kashewa a kanta. Ni ɗan kasuwa ne, kuma ƙa'idar kasuwa ita ce ba ka biyan kuɗin haja sai ka kwance ɗaurin ka ga abin da ke ciki. Da wannan idon zan dubi maganar.

Aikin nan dai ba mu da zaɓi sai mun yi shi. Garin nan a bakin Binuwai yake. Mun ga abin da ya faru a 2012 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, mun sake gani a 2022, kuma a watan Yuli na 2025 ruwan sama na dare ɗaya ya ci rayuka a unguwannin Yola, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda yake zaune a Doubeli, ko Rumde, ko Jambutu, ko Limawa, ba sai an yi masa wa'azin yashe magudanar ruwa ba. Manyanmu suna tuna zamanin Buhari da Idiagbon, 1984 zuwa 1985, sa'ad da soja ke fito da mutane share gari ranar Asabar. Yanzu ba bulala, damina ce bulalar.

Matsalar ita ce yawancinmu mutanen zaman shago ne. Daga hantsi har Magariba kana kan benci, abin da ka fi ɗagawa shi ne bandir ɗin atamfa ko kofin shayi. Sai rana ɗaya ka ɗauki shebur da diga, ka yi awa huɗu kana cika baro, don kada samari su ce Alhaji ya tsufa. Ranar ka kwana lafiya lau. Washegari ka tashi sallar Asuba ka ji ruku'u ya zama aiki. Rana ta biyu ta fi ta farko muni, cinya da kwankwaso da kafaɗa kamar an yi maka dukan sakwara.

Ga abin da likitoci suka gano game da wannan. Tsokar jiki zare-zare ce, kamar igiya. Idan ka sa ta aikin da ba ta saba ba, sai zaren ya sami 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, wurin ya ɗan kumbura ta ciki yayin da jiki ke ɗinke shi. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa nan take. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen zafinsa tsakanin kwana ɗaya da kwana uku, sa'an nan ya soma sauka, kafin kwana 5 zuwa 7 ya tafi. Aikin da ya fi jawo shi kuwa shi ne sauke kaya a hankali da yawan sunkuyo, fiye da ɗagawa. Akwai kuma wata hikima ta Ubangiji: idan ka maimaita aikin bayan mako ɗaya ko biyu, ciwon ba ya kai na farko, don tsokar ta riga ta koya. Shi ya sa manomin rani a Geriyo yake wuni a sunkuye kan shinkafa ko alayyafo ya koma gida yana raha, kai kuwa awa biyu ta kwantar da kai.

Ku riƙe wannan, don a kansa duk maganata take: ciwon da kansa yake tafiya. Ka sha magani ya tafi a kwana biyar, ka ƙi sha ya tafi a kwana biyar. Kuma yaushe mutum yake neman magani? Rana ta biyu ko ta uku, lokacin da abin ya kai maƙura, watau daidai lokacin da zai fara sauka. Saboda haka duk abin da ka haɗiya a ranar, shi zai karɓi yabo. Mai talla ya sani, shi ya sa maganin gajiya ba ya kwantai.

To, yanzu mu zo kan wani magani da ya fara shigo mana, wanda wasu 'yan'uwa suka tambaye ni a kansa. Masu zuwa Indiya jinya ko sayayya sukan dawo da shi, wasu kuma suna ganin tallarsa a waya. Ƙwayoyi ne farare ƙanana kamar gero, masu zaƙi, a cikin 'yar kwalba, an rubuta Arnica 30C ko Rhus tox 30C. Sunan wannan hanyar magani homiyofati. Mutane da yawa sun ɗauka irin namu ne na gargajiya, sassaƙe da saiwa, aka zuba a kwalbar Turawa. Ba haka ba ne. Ba kuma shi ne abin da ake sayarwa a shagunan zuma da habbatus sauda da man zaitun ba. Hanyarsa daban ce.

Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ya ƙirƙiro shi, ya bayyana ra'ayinsa a 1796, ya rasu a 1843. A zamaninsa likitocin Turai zubar wa majiyyaci jini suke yi da yawa, su ɗura masa abubuwa masu guba, har maganin ya fi cutar kisa. Shi ya ƙi wannan, kuma a nan ya kyauta. Sai ya kafa ƙa'ida biyu. Ta farko, abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mai ciwon da ke da irin wannan alamar. Ta biyu, gwargwadon yadda ka sirka magani da ruwa kana girgizawa, gwargwadon ƙarfinsa.

Wannan ta biyun ita nake so 'yan kasuwa su yi wa lissafi. Arnica wata fulawa ce rawaya da ke fitowa a duwatsun Turai, kuma ita kanta guba ce idan aka ci ta. Rhus tox wani tsiro ne na Amurka mai sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje. Harafin C da ke jikin kwalbar yana nufin ɗari. Za a ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan tsiron a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. Wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo ɗaya daga nan a sake zubawa cikin wani 99, ya zama 2C. Da an kai 3C, ɗigon nan na asali kamar an jefa shi cikin lita 50 ne, jarka biyu ta mai ruwa ke nan. Da an kai 6C, kamar ɗigo ɗaya ne a cikin tankar mai 1,500, irin mai cin lita 33,000. Ku jera su a zuci daga nan zuwa hanyar Numan. Masana kimiyya suka ce daga 12C zuwa sama, a bisa lissafi ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron ba a sa ran samu a ciki. Wanda ke hannunka kuwa 30C ne. Wannan ruwan ake ɗiga wa ƙwayoyin sukari, a shanya, a zuba a kwalba.

Jama'a, idan mai nono ta yi wa kindirmo irin wannan sirki a kasuwar Jimeta, sai an kai ta gaban sarkin kasuwa. Su masu wannan hanya amsarsu ita ce ruwan yana riƙe da tasirin abin da ya taɓa shi. To ai magana ba ta ƙarewa a baki, gwadawa ake yi, kuma an gwada. A 1998 aka buga sakamakon wani gwaji a Ingila a kan ainihin ciwon da muke magana. An ɗauki masu gudun dogon zango 519, aka ba rabi Arnica da aka sirka sau 30, rabi kuma aka ba su wanda ba komai a ciki, ba wanda ya san abin da ya karɓa. Da aka auna ciwon jikinsu bayan tsere, waɗanda suka sha Arnica ba su fi sauran samun sauƙi ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce ba ta sami cuta ko ɗaya da ke da tabbatacciyar shaida cewa homiyofati na warkar da ita ba. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi, Faransa kuma, wadda take cikin manyan masu yin sa a duniya, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun lafiya tun farkon 2021. Gaskiya ne a Indiya yana da kasuwa babba, har yana ƙarƙashin wata ma'aikata da aka kafa a 2014. Amma yawan masu saye ba shi ne shaidar inganci ba, mu da muke kasuwa mun fi kowa sanin haka.

In za a yi masa adalci, ƙwayar sukari ba ta huda ciki, ba ta taɓa ƙoda. Illarta biyu ce: kuɗinka da ya tafi, da kuma lokacin da za ka ɓata idan ciwon naka ba na gajiya ba ne. Sa'an nan wanda yake zuwa a ruwa-ruwa, na ɗigawa a baki, galibi da barasa ake haɗa shi, kuma a rubuce yake a jikin kwalbar. Hukuncin wannan na malamai ne, ga su nan zaune, amma ya kamata mai saye ya karanta kafin ya buɗe baki. Akwai kuma man shafawa na Arnica wanda ba a sirka shi sosai ba. Wannan da tsiro a cikinsa, ba a sa shi a kan rauni ko fatar da ta fashe, ba a kuma kai shi baki.

Wani zai ce ai na ga lambar NAFDAC a jiki. Hukumar nan da aka kafa a 1993 takan ba magungunan gargajiya da makamantansu lamba mai harafin L a ƙarshe. Ma'anarta an duba ba a ga zai cutar ba. Ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka lissafa ba, shi ya sa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

To mene ne ke taimakawa? Ba abin da ke kashe ciwon nan take, sai dai a rage masa kaifi, kuma yawancin abin yana cikin gidajenmu. Gashi da ruwan ɗumi da tsumma, yadda iyayenmu mata suka iya, yana saki jiki. Tausa a hankali da man kaɗanya tana ragewa, ba irin tausar da za a sa yaro ya hau bayanka da ƙafa ba. Man zafi, su Robb da Mentholatum da Aboniki, ba ɗinke tsoka suke yi ba. Abin da ke cikinsu, irin su kafur da sinadarin na'ana'a, yana sa fata ta ji sanyi da zafi, sai hankali ya bar ciwon na ɗan lokaci. Wannan ma amfani ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Kada dai a shafa a ɗaure da leda, ko a ɗora ruwan zafi a kai, yana ƙona fata. Kada kuma a kusantar da shi hancin jariri. Sai barci isasshe, da ruwa, da abinci. Kuma kada a kwanta rub da ciki kwana uku. Tafiya a ƙasa zuwa masallaci ko kasuwa tana sassauta jikin fiye da kwanciya.

Ƙaho yana da asali a Sunna, ba mai jayayya a kan wannan, kuma wanzamanmu sun gaje shi. Roƙona ɗaya ne, reza sabuwa ga kowane mutum, a ɓare ta a gabanka, kayan aikin kuma a tsabtace. Ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi.

Idan ciwon ya hana barci, farasitamol ya wadatar. Babban mutum ƙwaya 2 masu nauyin 500, kada a maimaita kafin awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, don wuce haka yana lalata hanta. A lura, magungunan mura da yawa suna da shi a ciki, kada a tara su ba a sani ba.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi, ya fi na ƙwayar sukari nesa ba kusa ba. Shi ne "haɗi". Mutum ya tsaya wurin mai kemis ko mai tallar magani a faranti, ya ce a haɗa mini na gajiya. A ƙulla masa ƙwaya biyar ko shida a leda, ja da fari da rawaya, ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa. Sau da yawa a ciki akwai ibuprofen da diclofenac da piroxicam, su ukun kuwa 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa. Suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna tayar da hawan jini, suna raunana ƙoda. Ku haɗa wannan da zafin garin nan a watan Maris da Afrilu, da ma'auni ke haura 40, mutum ya wuni yana zuba gumi bai sha ruwa ba, ƙodarsa tana neman agaji, sa'an nan ya watsa mata waɗannan a kan cikin da ba komai. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su taɓa su sai da izinin likita. Wani lokaci kuma a jefa dexamethasone a cikin haɗin. Shi ne ke sa mutum ya ji garau har ya yi kumatu, a ce ya murmure, alhali sukarinsa na hawa, ƙashinsa na rauni.

Sai tramadol, kuma wannan da ku nake, samari, da ku iyayen gida masu ɗaukar leburori. Yawancin yaran da suka faɗa masa ba da niyyar shaye-shaye suka fara ba. Da sunan maganin gajiya suka fara, don su iya lodin yashi a bakin kogi ko su kwana kan Keke Napep. Doka ta yarda da mai nauyin 50 da 100 ne kawai, shi ma da takardar likita, amma ana kama mai 225 a kasuwa. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramadol da kodin suke sha. Yana sa farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma in ya kama mutum sakinsa sai an sha wuya. Wanda ya ga yaronsa na yin aikin mutum uku ba ya cin abinci, kada ya yi murna, ya bincika.

Abu na ƙarshe da nake so mu gane shi ne ciwon da ya sa rigar gajiya alhali ba ita ba ce. Ciwon gajiya ba ya zuwa da zazzaɓi. In akwai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, musamman bayan an wuni a lambatu da damina, a je a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro. In wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a lokacin zafi, sanƙarau ake tsoro, wannan ba ya jiran gari ya waye. In ƙusa ko gwangwani ko kwalba ta yanke ka a cikin bola, a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi allurar tetanos a ranar. Wanda muƙamuƙinsa ya fara riƙewa bayan kwana 3 zuwa mako 3 da jin rauni, ba man zafi yake bukata ba, asibiti yake bukata. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, ga jiki ya kumbura ya mutu, alama ce tsoka ta lalace har tana toshe ƙoda. In ƙirji ya ɗaure, ciwon na sauka hannun hagu ko haɓa, ga gumi da haki, zuciya ce, kuma mu da muka haura hamsin mu ne a layin gaba. Haka ciwon bayan da ke harbawa ƙafa tare da mutuwar ƙafar ko kasa riƙe fitsari, da kumburin da ya fito a mara bayan ɗaga kaya ya ƙi komawa. Yaro mai sikila kuwa tun farko kada a sa shi aikin rana don kunyar ido. Duk waɗannan, ga Asibitin Ƙwararru nan cikin Jimeta, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, wanda muka saba kira FMC. Kuma duk ciwon jikin da ya wuce mako guda bai ragu ba, ya fita daga sahun gajiya.

Malam shugaba, ina da shawara ga kwamitin aikin gayya. A riƙa fara aiki bayan sallar Asuba a tashi kafin ƙarfe 10. Maimakon a tara aikin shekara a Asabar ɗaya, a raba shi Asabar uku ko huɗu kafin ruwa ya sauka, jiki zai saba, lambatun ma zai fi yasuwa. A tanadi ruwan sha a wurin, ba sai an aika yaro ba. Daga asusun ƙungiya a sayi takalman roba da safar hannu ko guda 20 ne, a ajiye wurin ma'aji, ana karɓa ana mayarwa. Dattawa su riƙe manjagara da tsintsiya, a bar wa samari diga da baro, kuma mai ɗaga kaya ya durƙusa da gwiwa ya miƙe da shi, kada ya lanƙwasa baya. Masu shagon magani da ke cikinmu, ina roƙonku ku zauna da kwamitin bayan an tashi, mu ji yadda za a daina ƙulla haɗi a unguwanninmu.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.